Koyar da Turanci ta hanyar warware matsala: ma'ana, asali da yadda za ta dace da makarantun Wurno, Rabah da Goronyo

A yawancin makarantun firamare na gwamnati da ke karkarar Arewa, darasin Turanci yana tafiya ne a kan tsari guda: malami ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya, sannan su kwafe a littafi. Yaro kan shafe shekara uku yana wannan bita, amma idan aka miƙa masa kwalin magani aka ce ya nuna ranar da maganin zai lalace, sai ya tsaya yana kallo. Ya haddace jimloli, sai dai bai taɓa shiga halin da ya buƙaci ɗaya daga cikinsu ba.

Lamarin ba ƙarami ba ne, domin da Turanci ake rubuta jarrabawar shiga sakandare, kuma ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a darasin Turanci. Da shi banki ke aiko da saƙon shigar kuɗi, da shi ake rubuta takardar kwangila da bayanin da ke jikin buhun taki. Koyarwa ta hanyar warware matsala, wadda a Turance ake taƙaita sunanta da haruffan PBL, tana cikin hanyoyin da masana ilimi suka fito da su domin cike giɓin da ke tsakanin hadda da aiki da harshe.

Ma'anar tsarin

A darasin da aka saba, malami yana fara koyar da ƙa'ida, daga baya ya ba da aikin gwaji. Wannan tsari kuwa yana juya al'amarin: matsala ce ke zuwa da farko, sai neman maganinta ya tilasta wa ɗalibi koyon abin da yake buƙata.

Ginshiƙansa huɗu ne. Na farko, matsalar ta kasance ta gaske, daga rayuwar da yaran suka sani, kuma wadda amsarta ba a rubuce take a bayan littafi ba. Na biyu, yara su yi aiki a ƙananan rukunai, kowa da nauyin da ke kansa. Na uku, su yi bincike da kansu: su tambaya, su ƙirga, su auna, su rubuta. Na huɗu, su fito da wani abu da za a gani, kamar taswira, jadawali, wasiƙa ko sanarwa, su gabatar da shi ga mutanen da abin ya shafa. Aikin malami shi ne zaɓen matsalar, da tanadar kalmomi da jimlolin da za a buƙata, da jan ragamar yaran da tambayoyi.

Masana kan bambanta koyo ta warware matsala da koyo ta gudanar da aiki, wato na farko ya fi kula da hanyar da aka bi aka kai ga amsa, na biyu kuma da abin da aka samar a ƙarshe. A matakin firamare dai su biyun kan haɗe su zama abu guda.

Asalinsa

Tushen wannan tunani yana komawa ga masanin falsafar ilimi na Amurka John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, inda yara ke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki, saƙa da aikin katako. Almajirinsa William Kilpatrick ya wallafa maƙala a 1918 wadda ta yaɗa koyarwa ta hanyar ayyuka a makarantun Amurka.

Tsarin da ake kira PBL a yau ya samo asali ne daga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar McMaster da ke Kanada, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 1969. Maimakon shekaru na laccoci kafin ɗalibi ya ga majinyaci, sai aka riƙa ba ƙananan rukunai bayanin wani mara lafiya tun daga farko, su nemo abin da ya kamata su sani. Likita Howard Barrows na cikin waɗanda suka fi fayyace tsarin a rubuce. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a shekarun 1970, daga nan ya bazu zuwa sauran fannoni, har ya sauko makarantun yara.

A fagen koyar da Turanci, gwajin da ya fi kusa da yanayin Arewa shi ne wanda N. S. Prabhu ya jagoranta a kudancin Indiya daga 1979 zuwa 1984, wanda aka fi sani da aikin Bangalore. Yaran makarantun ba su da Turanci a gida. Prabhu ya riƙa ba su ayyukan da ke buƙatar tunani, kamar gano jirgin da ya dace daga jadawalin jiragen ƙasa, ko bin hanya a taswira, da hujjar cewa harshe ya fi zama a ƙwaƙwalwa idan hankalin yaro yana kan ma'ana. A 1985 kuma Merrill Swain, bayan nazarin yaran Kanada da ke karatu da Faransanci, ta nuna cewa saurare kaɗai ba ya wadatarwa: sai mai koyo ya buɗe baki ya yi ƙoƙarin faɗin abin da yake nufi kafin ya gane inda harshensa ya gaza.

Manufar harshe a Najeriya

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a shekarun farko na firamare, Turanci ya kasance darasi, sannan daga baya ya zama harshen koyarwa. Kafin nan, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida, tare da ƙwararren malamin Turanci, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. A Nuwamban 2022, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa dukkan shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, da mayar da Turanci harshen koyarwa a duk matakai.

Ko wace manufa ce ke aiki a takarda, halin da ajin karkara ke ciki bai sauya ba: yaro yana zuwa makaranta da Hausa ko Fulatanci, kuma ba ya jin Turanci a gida, ko a kasuwa, ko a filin wasa. Gwaje-gwajen karatun yara da aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2011 da 2013, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, sun gano cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa da aka gwada ba sa iya karanta ko kalma ɗaya a gajeren labarin Hausa. A ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a jihar. A wannan lokaci ne aka fara shirin NEI Plus, wanda ya samar da littattafan Mu Karanta! Let's Read! domin koyar da karatun Hausa daga aji ɗaya zuwa aji uku, tare da shigar da Turanci sannu a hankali.

Wannan shiri ya ginu ne a kan darasi tsararre, inda malami ke nunawa, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Shi ne harsashin da ayyukan warware matsala za su iya hawa kai, domin yaron da bai san haruffa ba ba zai rubuta sakamakon bincike ba.

Yankin da abin da yake da shi

Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo suna gabashin Jihar Sakkwato, a yankin fadamun gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. An san yankin da noman shinkafa, albasa da tafarnuwa. A Goronyo akwai madatsar ruwa a kan gulbin Rima wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 900, wadda ake noman rani da ita, take kuma taimaka wa birnin Sakkwato da ruwan sha.

Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Bayan ya kammala Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar da Turanci a makarantar midil ta Sakkwato, kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Da Turancin da ya koya yana ɗan karkara ya zauna teburin tattauna tsarin mulki a Landan a shekarun 1950. Tarihinsa shaida ce cewa nisan gari daga birni ba ya hana ƙwarewa a harshe idan koyarwar ta yi kyau.

Abin da yankin ke da shi a yalwace, wanda tsarin ya fi buƙata, shi ne matsalolin da yara suka sani ciki da bai: ruɓewar albasa, ambaliya, sauro, tsargiya, tashi da faɗuwar farashi a ranar kasuwa. Ɗan shekara goma a Wurno ya san abubuwa game da ban-ruwa da littafin Turancinsa bai sani ba. Misalan da ke tafe suna nuna yadda za a iya mayar da wannan sani ya zama darasin harshe.

Misali na farko: albasar da ke ruɓewa

A ɗauka malamin aji huɗu a Wurno ya zaɓi wannan tambaya bayan an cire albasa: me ya sa albasar da aka adana take ruɓewa, kuma wace hanya ce ta fi rage asara? Tambayar tana da nauyi a kowane gida, domin farashin albasa kan faɗi a lokacin da ake cire ta, ya tashi bayan watanni, kuma wanda ya iya adana ta shi ke cin riba.

A makon farko ana tattaunawa da Hausa. Malami ya raba allo gida biyu: abin da aka sani, da abin da ake son sani. Daga maganganun yaran ne zai tsamo kalmomin Turanci da ba su wuce ashirin ba, irin su onion, sack, wet, dry, good, bad, more da less, ya koyar da su da albasar a hannu, ba tare da dogon bayani ba. Sai ya ba su ƙwarangwal ɗin jimla biyu da za su yi ta amfani da su: "How many onions are bad?" da "There are five bad onions."

A mako na biyu kowane yaro ya tambayi wani babba a gidansu, da Hausa, yadda yake adana albasa. Washegari ya kawo rahoto a jimla biyu ta Turanci, rukuninsa su taimaka masa ya gyara. A wannan makon ne ake kafa gwaji a wani lungu na aji: albasa ashirin a cikin buhun da aka ɗaure, ashirin a kwando a inuwa, ashirin a kan gadon kara da iska ke ratsawa ta ƙarƙashinsa.

Daga nan har mako na shida, sau biyu a mako, rukunai su ƙirga, su tambayi juna da Turanci, su cike jadawali. Jimlar da a da ake rerawa ba tare da dalili ba yanzu tana da amsar da ke sauyawa, kuma kowa yana son jin ta. Malami ba ya faɗin sakamako tun kafin a gani. Idan abin da ya fito ya saɓa wa zato, wannan ma abin tattaunawa ne: wataƙila an sa mai rauni a cikin wani tuli, ko kuma ba a shanya wasu sosai ba.

A makon ƙarshe yaran su zana sanarwa da Hausa da Turanci, su gabatar a gaban iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta. Kowane yaro ya faɗi aƙalla jimla ɗaya. Idan aka duba manhaja za a ga cewa cikin makonni shida an taɓa ƙidaya, jam'i, kwatanci, sigar tambaya da shuɗaɗɗen lokaci, an kuma haɗa da lissafi da kimiyya, da kayan da ba su wuce albasa sittin, buhu, kwando da kara ba.

Misali na biyu: hanyar tsira daga ambaliya

A watan Satumban 2010 ruwa ya yi ambaliya a kwarin Rima bayan madatsar Goronyo ta cika, ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya kuma yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. 'Yan firamare na yau ba a haife su ba a lokacin, amma iyayensu da kakanninsu sun gani da idonsu.

'Yan aji biyar ko shida za su iya ɗaukar tambayar: idan ruwa ya taso da dare, ta ina mutanen unguwa za su bi, kuma ina za su taru? Za su tambayi dattawa inda ruwa ya kai a wancan karo, su zana taswirar gari a ƙasa da toka ko duwatsu, sannan su mayar da ita takarda. Turancin da aikin ke jawowa shi ne na kwatancen hanya da umarni: hagu da dama, kusa da nesa, tudu da kwari, "Go to the school", "Do not cross the river". Za su iya rufewa da gajeriyar wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wadda ita ce irin wasiƙar da jarrabawa ke tambaya, sai dai wannan tana da mai karɓa na gaske.

Akwai ƙarin fa'ida a nan. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da harkokin ruwa ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara, kuma asalin rahotannin da Turanci suke. Yaron da ya koyi kalmomin gargaɗi yana iya zama wanda zai karanta wa gidansu saƙon da ya shigo waya. Sharaɗi ɗaya ba ya sauyawa: ba a kai yara bakin gulbi ko madatsa da sunan bincike.

Misali na uku: karanta jikin kwali

Ga 'yan aji uku, ƙaramin aiki ya fi dacewa. Yara su tattaro kwalayen sabulu, ledojin madara da na gishirin zawo da aka riga aka yi amfani da su, su nemi amsar tambaya guda: ta yaya mai saye a kasuwar Rabah zai gane kayan da wa'adinsu ya ƙare? Za su koyi gano alamar EXP, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, da sunayen watanni, su ware kwalayen gida biyu. Idan ana son a haɗa da maganin feshi, wanda manoman fadama ke yawan amfani da shi, malami ne zai kwafo rubutun a allo. Ba a barin yara su taɓa kwalabensa ko da babu komai a ciki.

Matsayin Hausa a cikin aikin

Kuskuren da aka fi yi shi ne hana Hausa gaba ɗaya, har da cin tarar wanda ya yi ta. Yaron da ya san kalmomin Turanci ɗari kacal ba zai iya yin muhawara da su a kan dalilin ruɓewar albasa ba. Idan aka tilasta masa, ko dai ya yi shiru, ko ya koma hadda. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce a yi tunani da gardama da Hausa, a ƙirga, a yi rahoto, a rubuta sakamako da Turanci, kason Turancin yana ƙaruwa daga aji zuwa aji.

Masanin harshe Jim Cummins ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Bincikensa a Kanada ya nuna cewa yaran baƙi kan iya hira cikin kimanin shekara biyu, amma sukan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin su kamo takwarorinsu a harshen darasi, alhali suna zaune a cikin masu Turanci. Ya kuma nuna cewa ƙwarewar da yaro ya samu a harshensa na farko tana ƙetarawa zuwa na biyu. Wanda ya iya tsara hujja da Hausa ya yi rabin aikin tsara ta da Turanci.

Hausa tana kuma ba da gada ta kalmomin aro. Tebur, bokiti, kofi, mota, famfo, inji da lita duk daga Turanci suka zo, kuma nuna wa yaro asalinsu yana sa ya gane cewa ya riga ya san wani abu. A nan ne kuma malami zai kula da wuraren da harshen ke tuntuɓe, kamar bambancin p da f, da baƙaƙen da ke haɗuwa ba wasali a tsakani, wanda shi ya mayar da bread ya zama burodi. Yaran yankin suna magana da Sakkwatanci, wanda ya ɗan bambanta da daidaitacciyar Hausar littafi, wasu kuma Fulatanci ne harshensu na gida. Ba a mayar da ko ɗaya abin dariya a aji, kuma yana da kyau a haɗa mai Fulatanci da wanda zai iya fassara masa a rukuni guda.

Iyakokin tsarin

Tsarin yana da masu suka, kuma sukarsu tana da tushe. A 2006 Paul Kirschner, John Sweller da Richard Clark sun wallafa maƙalar da ta yi fice, inda suka kawo hujjar cewa sabon mai koyo ya fi amfana da koyarwa kai-tsaye, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukar sabon abu da yawa a lokaci guda. Magoya bayan tsarin sun amsa da cewa ingantaccen aiki yana tafiya ne da jagora mai yawa. Ɗaliban McMaster manya ne da suka riga suka iya karatu. Ga ɗan shekara takwas, darasin sautin haruffa da karatun kullum yana nan a matsayinsa, aikin warware matsala kuma ya samu darasi biyu ko uku a mako.

Cikas na biyu shi ne cunkoso. Ajin da yara suka cika shi maƙil, wasu a zaune a ƙasa, yana buƙatar rukunai tsayayyu da ba a sauyawa kullum, kowane da shugaba, marubuci, mai ƙirga da mai magana, ana juya muƙaman duk mako domin kada yara biyu masu baki su mamaye komai.

Na uku shi ne Turancin malamin kansa. Malamin da bai amince da harshensa ba yakan fake a bayan littafi. Maganin wannan shi ne a ba shi jerin kalmomi da jimlolin kowane aiki a rubuce, a kuma ba malaman makarantu maƙwabta damar haɗuwa su gwada aikin a tsakaninsu kafin su kai shi aji.

Na huɗu shi ne tsaro. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga, kuma harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ya hallaka mutane da dama. A irin wannan yanayi ana tsara aikin ne yadda duk bincike zai tsaya a harabar makaranta da cikin gida. Wannan ya kuma dace da 'yan mata, waɗanda iyaye ba za su so su yi yawon tambayoyi a kasuwa ba, amma suna da iyaye mata da kakanni masu sanin adana hatsi da sana'ar gida.

Akwai kuma darasi daga Tanzaniya. Manufar ilimin dogaro da kai da Julius Nyerere ya fitar a 1967 ta so a haɗa karatu da aiki, amma a makarantu da yawa abin ya koma noman gonar makaranta ba tare da wani darasi a ciki ba. Duk aikin da yara suka yi gumi a kansa amma ba su fito da sabuwar kalma ko jimla ba, aikin ƙarfi ne kawai.

Yadda ake gane na gaske

Ana auna sakamako ne a kan kowane yaro. Malami ya riƙe takarda mai sunayen yara, ya riƙa yin alama: wa ya iya yin tambayar, wa ya iya amsawa, wa ya iya rubutawa ba tare da kallon allo ba. Kyan zanen sanarwa ba ya cikin ma'auni.

Wannan ya shafi iyayen da ke birane ma, inda wasu makarantu masu zaman kansu kan aiko da aikin da a ƙarshe uba ne ke biyan mai shagon kwamfuta ya buga, ko uwa ta kwana tana yankan kwali. Tambayoyi uku sun isa su bambance: wace matsala aka ba yaron ya warware? Me ya ƙirga, ya auna ko ya tambaya da kansa? Zai iya bayyana abin da ya gano da jimla uku na Turanci ba tare da takarda a hannu ba? Idan amsoshin ba su samu ba, an sayi kwali ne kawai.

Waɗanda alhakin ke wuyansu

Shigar da irin waɗannan ayyuka ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabon gini. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da sassan ilimi na ƙananan hukumomi su ne ke da ikon ware lokaci a jadawali da sa ido. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, su ne ke horar da malaman da za su gudanar da shi. Kwamitocin kula da makarantu kuwa su ne za su samar da albasar gwaji, su kawo dattijon da zai ba da labarin ambaliya, su kuma zauna su saurari yaran ranar gabatarwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai da ke zaune a birni za su iya ɗaukar nauyin takarda da alli na zango guda.

Mataki mafi sauƙi ga makarantar da ke son gwadawa shi ne aiki ɗaya a zango ɗaya, a aji ɗaya, a kan matsalar da iyaye suka yarda cewa matsala ce. A gwada yaran a kan kalmomi da jimlolin aikin kafin a fara, a sake gwada su bayan an gama, sannan shugaban makaranta da kwamiti su yanke shawarar ci gaba ko gyara bisa abin da takardar ta nuna.